Ranar da Na Roƙi Ƙafafun Motar Surukina

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina. Ko jikokina, sai na kira suna uku kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma ranar da na buɗe bakina na roƙi surukina tayoyin motarsa, wannan rana tana nan zaune daram, ba za ta bar ni ba sai an rufe ni da ƙasa. Bari in ba ku yadda aka yi. Kada ku yi saurin dariya, don a lokacin ni ban ga abin dariya ba.

Bayan maigidana ya koma ga Ubangiji, 'yata ta fari ta zo ƙauyenmu can wajen Kauru, ta kwashe ni da tukwanena ta kawo ni Kafanchan, gidan mijinta. Shi malamin makaranta ne. Ya koyar da lissafi har kansa ya yi fari, sannan ya yi ritaya. Kowa Malam yake ce masa, ni ma haka, don a wurinmu uwar mata ba ta kama sunan mijin 'yarta. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta gyara masa magana. Shi kuma in ya gan ni da safe sai ya cire hula, ya rusuna, ya ce, "Mama, an tashi lafiya?" In ce, "Lafiya lau, Malam, yaya gajiya?" Shi ke nan, an gama na ranar. Shekara shida muna gida ɗaya, maganarmu ba ta wuce haka ba. Ba faɗa ba ne, ba gaba ba ce. Girmamawa ce, haka muka tarar.

Sai dai Malam yana da wani tabo a wurin danginmu. A al'adarmu, mai neman 'yarka sai ya zo da abokansa ya yi maka noma, a ga ƙarfin bayansa. Malam bai zo ba. Lokacin yana koyarwa a nesa, sai ya aiko 'yan ƙwadago suka tayar da kunyoyin doya a madadinsa. Kunyoyin sun yi kyau, doya ta yi, an ba shi mata, amma ƙanin maigidana bai yafe ba. Shi ya sa masa suna mai noma da alli. Shekara talatin da wani abu, duk biki, duk jana'iza, da zarar Malam ya sauka daga bas sai tsohon ya ɗaga murya: "A ba surukinmu kujera, kada alli ya gajiyar da shi." Malam ya yi murmushi, amma ina ganin yadda kunnuwansa suke yi.

Da aka ba shi kuɗin sallama sai ya sayi mota. Ta hannu ce, amma mai tsabta, daga wurin wani dattijo wanda shi ma bai wahalar da ita ba. Malam ya kafa mata rumfar kwano a tsakar gida. Ba ta fita sai ranar Lahadi, zuwa coci, cocin da masu tafiya a ƙasa suke riga mu isa, don shi sai ya tsaya ya ɗumama inji. Ranar Asabar kuwa wanka ne. Ya wanke ta, ya goge ta, sannan ya durƙusa da buroshi da man takalmi ya bi tayoyin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya har su yi baƙi wuluk suna sheƙi. Mutumin da bai durƙusa a gonarmu ba, ga shi yana durƙusa wa taya. Ina gani, ina yin shiru.

Ana nan, ana nan, sai saƙo ya zo daga ƙauye. Za a yi godiyar kaka, kuma ikilisiya ta ce a ranar za ta karrama matan da suka ɗebo yashi da dutse a ka daga rafi lokacin da aka gina majami'ar. Muna da yawa a wancan zamani. Da aka duba, mu uku muka rage. Ƙanin maigidana ne ya bugo waya, ya ce a sa ni a bas tun ranar Juma'a, za su turo mai mashin ya ɗauke ni a mararraba. Malam ya karɓi wayar daga hannun matarsa. Ina daga ƙofar ɗakina na ji shi yana cewa, "Baba, ba bas, ba mashin. Ni da kaina zan kawo Mama, a motata, har ƙofar majami'a." Ban ji amsar tsohon ba, amma na ji dariyarsa tana fitowa ta cikin wayar. Kafin rana ta faɗi duk ƙauye sun ji cewa mai noma da alli zai zo da mota.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sauran mako biyu. Na fitar da zanen zumuntar matan coci na shanya.

Washegari ina zaune a 'yar kujerata ta tsugune kusa da rumfar motar, ina tsince acca. Wanda yake zaune a irin wannan kujera idonsa daidai yake da taya. Masu tsayi ba sa ganin abin da muke gani. Rana ta karkato ta haska gefen tayar baya, sai na ga wasu 'yan layuka sirara, birjik, kamar fason dugadugin mai aikin gona. Na matsa. Na sa farce na kankare man takalmin, sai farcen ya shige. Na zagaya da kujerata, kamar mai bin inuwa, na duba ta biyu, na duba ta uku, na duba ta huɗu. Duk haka suke. Mai ya cike fason, shi ya sa ba a gani.

Ni ban san mota ba. Ban shiga aji ba, ban san abin da ke sa ta tafiya ba. Amma roba na san ta. Shekara arba'in da robar taya nake ɗaure itace, da ita nake ɗaure buhun citta. Akwai shekarar da na samu wata doguwa mai kyau, na ce wannan ba zan ɓata ta ba, na naɗe ta na soke a jikin jinka. Damina biyu tana nan ban taɓa ta ba. Ranar da na ɗauko ta baƙa ce wuluk kamar jiya aka yanko. Na ɗaure kaya, na ja, sai ta tsinke ta dawo ta same ni a gira. Tabon yana nan. Tun ranar na san roba ba aiki kaɗai ke kashe ta ba. Zama ma yana kashe ta. Tana bushewa daga ciki, fuskarta tana yi maka murmushi.

Sai na tuna hanyarmu. Kwalta mai zafi, ramuka masu baki kamar wuƙa, sannan in an sauka daga kwalta a hau tsakuwa da gangara. Cikin motar kuwa ni, da 'yata, da shi. Accar ta fita daga raina.

Na sami 'yata a kicin na gaya mata. Ta ce, "Mama, kin san mutumin nan da motarsa. Amma bari in gwada." Ta gwada da yamma, ina jin su ta taga. Malam bai yi fushi ba, ai da ya yi fushi da ya fi. Darasi ya ba ta. Ya ɗauko tsinken ashana, ya kira ta gaban motar, ya soka tsinken cikin zanen tayar, kan ashanar ya nutse duka. Ya ce, "Kin gani? Taya tafiya ce ke cinye ta. Motar nan ina ta je? Wa ya ce miki tana da matsala?" 'Yata ta ce, "Ba kowa, tunani ne kawai." Ya ce, "To a bar tunani, a bi hujja." Ta dawo ta ce mini, "Mama, na ci sifiri."

Kwana uku ina juya abin. In na ce ba zan shiga motar ba, na kunyata shi a gaban mutanen da suka shekara talatin suna jiran ya kunyata. In na ce masa tayarka ta mutu, na zama uwar matar da ta gyara wa suruki magana a cikin gidansa. In na yi shiru na shiga, wataƙila karramawar ta koma jana'iza. Na kai wa Ubangiji maganar. Ban ce Shi ya ba ni dabarar da ta zo mini ba, don akwai ƙarya a cikinta, amma dai ta zo bayan na ce amin.

Al'adar da ta ɗaure mini baki, ita ce kuma ta bar mini ƙofa ɗaya. Uwar mata ba ta gyara wa suruki magana, amma in ta roƙe shi abu da bakinta, ba ya cewa a'a. Ni kuwa ban taɓa roƙonsa ko gishiri ba.

Da safe bayan addu'ar gida, kowa zai tashi, sai na ce, "Malam, ina da magana."

Ya koma ya zauna da sauri har hularsa ta faɗi. 'Yata ta tsaya da Littafi a hannu.

Na ce, "Tun da ka ɗauki yarinyar nan ban taɓa roƙonka komai ba."

Fuskarsa ta buɗe. Ashe abin yana damunsa. Ya ce, "Gaskiya ne, Mama. Ki faɗa. Ko mene ne."

Na ce, "Ƙafafun motarka nake so."

Ya dubi matarsa, matarsa ta dubi rufin ɗaki.

"Tayoyin, Mama?"

"Su."

"Guda nawa?"

"Nawa take tsaye a kansu?"

A hankali ya ce, "In ba damuwa, Mama, me za a yi da su?"

Na ce, "Kajina ba su da wurin shan ruwa. In aka raba taya biyu tana yin kwami mai kyau."

Kajina uku ne. Duk gidan sun san uku ne, don Malam da kansa yake korar su daga kan motar. Ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne. Yau ɗin nan zan je wurin mai faci in kwaso miki tsofaffin tayoyi, ko goma kike so."

Na gyara zama, na haɗe fuska kamar ranar jana'iza. Na ce, "Kajina ba sa shan ruwa a tayar da ba su sani ba. Waɗannan na gida nake so, masu sheƙi."

'Yata ta fita da sauri, wai tukunya tana ƙonewa, ko wuta ba ta hura ba. Malam ya ɗauki hularsa ya juya ta a hannu, ya sake juya ta. Na ga gumi a goshinsa. Tausayinsa ya kama ni har na kusa cewa wasa nake yi. Sai ya rusuna ya ce, "An gama, Mama."

Akwai aladen da yake kiwo a bayan gida don Kirsimeti. Ranar kasuwa aka ja shi aka fita da shi don a haɗa kuɗin sababbin tayoyi, yana ihu kamar ya san dalili. A wannan shekara kifi muka ci, jikokina kuma sun riƙe ni da abin har Ista.

Ranar sayen sababbi na ce zan bi su, in karɓi kayana da hannuna. Muka shiga motar, Malam yana ja a hankali kamar kullum, ni ina waƙar sujada a zuci har muka isa bakin kasuwa. Mai shagon tayar wani Alhaji ne, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa na garin, ƙato mai fara'a. Yana ganin Malam ya miƙe ya bar masa kujera. Ashe ɗalibinsa ne na da. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce, "Iya, mutumin nan ya sha zane ni a kan lissafi. Ga shi yau Allah ya kawo shi shagona."

Malam ya ce, "Da ka iya ai da ban zane ka ba."

Da farko idon Malam ya tafi kan tarin na gwanjo da ke waje, masu zane zuru-zuru kamar sababbi. Sai Alhaji ya kira mai facin da ke gefen shagon, wani mutum mai furfura a gemu. Shi ya mirgino ɗaya, ya nuna wa Malam cikin zanen. Ya ce, "Sa, a gwanjo akwai na kirki, akwai wanda aka yi wa aski. Wannan ta suɗe ne, aka sa wuƙa mai zafi aka sake yanka mata zane. Duba bakin yankan, ba daidai yake ba. Naman da ya rage tsakaninka da wayar da ke cikin tayar bai kai kaurin ƙosai ba." Malam ya ɗauko tsinken ashanarsa, ya duba shi, ya mayar aljihu.

Aka koma kan sababbi. Alhaji ya tsuguna ya karanta lambar girman da ke jikin ta motar, ya ce dole a sa daidai da ita, kada a ga babba ta yi kyau a ɗauka. Sai na ji Malam ya ce, "Kawo uku."

Na taɓa 'yata. Na ce mata a kunne, "Da ƙafa uku za ta tafi?"

Kafin ta amsa Malam ya buɗe but, wurin kaya na bayan motar, ya ɗaga shimfiɗar da ke ciki, ya ciro wata taya. Ni ban taɓa sanin mota tana ɓoye ƙafa ta biyar a cikinta ba. Na ƙirga abin da na gani, na roƙi abin da na ƙirga. Ya ajiye ta a ƙasa yana alfahari. Ya ce, "Safaya. Ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ku duba, ko gashin jikinta bai kakkarye ba. Ita ce ta huɗu."

Duk wahalar nan, da aladen, da ƙaryar da na yi bayan addu'a, ashe robar jinka ce za a ɗaura mana a gaba.

Alhaji ya juya tayar, ya share gefenta da hannun rigarsa, ya sa yatsa a kan wasu lambobi. Ya ce, "Sa, yau ni zan ba da jarrabawa. Ga lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kowace taya da ranar haihuwarta a jikinta. A cire daga bana, nawa ya rage?"

Malam ya sa tabarau. Ya daɗe a kan lissafin da ko ni da yatsu zan yi. Sannan ya ce, "Goma sha uku."

"Daidai ne, a tafa wa Malam. Mu a nan in ta wuce biyar, shida, muna fara yi mata kallon tsohuwa, ko tana aiki ko tana barci."

Mutane sun fara taruwa, masu mashin da masu jiran faci. Malam ya ga idanu. Na san shi, in aka taru a kansa sai wuyansa ya ƙage. Ya cire tabarau ya ce, "Lamba daban, aiki daban. Abin da bai yi aiki ba bai gaji ba. A ɗaura ta."

Alhaji ya buɗe hannuwa, ya dubi mai faci. Ɗalibi ba ya ja da malaminsa sau biyu a gaban jama'a. Mai faci ya ɗauko jak zai ɗaga motar. 'Yata ta kama bakin zanenta tana murzawa. Ba wanda ya rage sai ni.

Na tashi daga bencin. Na yi gyaran murya. Na ce, "Malam."

Ya juyo ya cire hula. "Mama."

Na nuna ta biyar ɗin da sandata. Na ce, "Na manta da zakara."

Ba ni da zakara. Na maƙwabta ne yake shigowa, Malam kuwa ya fi kowa tsanarsa. Alhaji bai san zancen kaji ba, sai da 'yata ta yi masa bayani a gajarce, tana kallon ƙasa. Tari ya kama shi, ya shige cikin shago yana ta yi. Ni ban motsa fuskata ba.

Malam ya ɗago ya dube ni. Tun da ya auri 'yata, ranar ce ta farko da idonsa ya shiga cikin nawa. Ya dubi tayar, ya dubi tabon girata, ya sake duban tayar. Sai ya ce wa mai faci, a hankali, "Sace mata iska. Ka danne ta in gani."

Mutumin ya sace iskar, ya sa gwiwa ya danne gefenta. Tayar nan mai gashi, wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, sai ga gefenta ya buɗe baki-baki. Aka ciro ta baya, mai sheƙin, aka yi mata haka. Ita kam har zaren ciki muka gani, fari, yana leƙowa ta cikin man takalmi. Mai faci ya ce, "Sa, a cikin gari za ta yi ta lallaɓawa. Amma ta sha zafin kwalta awa ɗaya, ta faɗa rami ɗaya da mutum uku a ciki..." Bai ƙarasa ba, ba wanda ya ce ya ƙarasa.

Malam ya mayar da hularsa kai. Sannan ya leƙa shago ya ce, "In ka gama tarin, kawo huɗu. Ka nemo mini kuma ta biyar mai ƙuruciya."

Da aka mirgino su na ce a bar ni in gaisa da su. Na shinshina kowace, na danna farce. Sabuwar roba tana da wari mai hawa kai, in ka danna ta kuma tana turo farcenka waje. Uku suka amsa. Ta huɗu na ce a mayar, warinta ya tafi. Alhaji ya duba lambarta ya yi dariya. Ya ce, "Iya ta kama ni. Wannan ita nake jinginawa a ƙofa don talla, ta sha rana, ta kuma girmi sauran. Sa, da Iya ce ta koya mana lissafi da na ci." Ya shiga can ƙuryar shago ya ɗauko wata. Malam da kansa ya bi su biyar ɗin da tabarau yana karanta ranar haihuwarsu da ƙarfi, kamar mai kiran suna a aji.

Na zaci an gama. Sai na ji ya ce wa mai faci, "Tsofaffin nan biyar, a raba kowace biyu. Na Mama ne." Bai yi murmushi ba, ni ma ban yi ba. Da yamma ya jera kwami goma a bayan gida, a layi, ya cika kowanne da ruwa da hannunsa. Kaji uku suka zo suka zagaya su, suka koma suka sha a tsohon murfin tukunyar da suka saba.

Ranar tafiya muka tashi da sassafe. Abin da ya faru a hanya shi ne ba abin da ya faru. Mun faɗa ramuka, mun hau tsakuwa, motar ta yi kuka, ƙafafunta ba su ce komai ba. A Samaru 'yata ta sauka sayen burodin tsaraba, aka bar mu mu biyu a cikin mota, shi a gaba, ni a baya. Ba mu taɓa zama mu kaɗai ba. Yana kallon gilashi, ina kallon ƙeyarsa.

Can sai ya ce, "Mama, akwai wani abu kuma a gidan da kajin suke so?"

Na kusa in ce akwai. Bakina ya riga ya saba, hanyar ta yi mini daɗi. Amma na tuna aladen, na tuna gumin goshinsa, na tuna yadda na kusa barin a ɗaura mana ta biyar don kawai ban iya cewa abu ya lalace ba. Na ce, "Kajin sun gama magana, Malam. Ni ce nake da ita. Na ga fason nan tun mako biyu, na ji tsoro, na rasa yadda zan gaya maka."

Ya cire hula ya ajiye a cinya. Sannan ya ce, "Uwata ta rasu ina ƙarami. Ba wanda ya rage da zai ce mini kai, ka yi kuskure. Yara na tsoro, matata na lallaɓawa. In kin gani, Mama, ki faɗa. Zan ji kunya, amma zan ji."

Na ce, "To ka daina shafa musu man takalmi."

Ya ce, "Na daina."

Mun isa ana buga ƙararrawa ta biyu. Ya kai ni har ƙofar majami'a kamar yadda ya faɗa, ya zagayo ya buɗe mini ƙofa. Mata suka yi guɗa. Ƙanin maigidana ya taho da sandarsa, bai gaishe mu ba, ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa kowace taya, yana neman abin faɗa. Ya zagaya sau biyu. Da ya rasa, sai ya ce wa mutanen da ke tsaye, "Ku ba surukinmu kujera a gaba. Ya kawo mana uwarmu lafiya." Malam ya jira ragowar maganar. Ba ta zo ba.

Abin da na koya, na koya da tsufa, shi ya sa nake ba ku tun kuna da ƙarfi. In za ku hau hanya, kada sheƙin taya ya ruɗe ku, kada zurfin zanenta kaɗai ya ishe ku. Ku tsuguna ƙasa ku duba gefenta, ku nemi shekarunta, har da wadda take ɓoye a but. Na biyu kuma ya fi wannan nauyi. Kunya abu ne mai kyau, ni ba zan ce ku yar da ita ba. Amma in kun ga abin da zai ɗauki rai, ku buɗe baki ku faɗa wa mai shi, da ladabi, tun ranar da kuka gani. Mutumin da kuke tsoron ɓata wa rai, wataƙila ya daɗe yana jiran wanda zai gaya masa gaskiya.